Awon Hannun Hafiza

"Mas'uda, faɗa wa baƙonki ya sha ruwa ya tashi."

Daga cikin ɗaki Inna ta yi maganar, labule a sake. Ba ta taɓa yi wa Jibril magana kai tsaye ba saboda kunyar suruki, kullum ta kaina take bi. Amma muryar yau ba ta kunya ba ce.

Jibril na durƙushe a bakin tabarma ƙarƙashin dogon yaro, da takarda a hannunsa. Shi ne mushen motsa jiki, wato malamin wasanni, a lakwal, makarantar su Hafiza ƙanwata, kuma shi nake so shekara biyu ke nan. Saura kwana goma sha biyu manyansa su kawo goron tambaya.

"Inna, a yi haƙuri," ya ce a hankali. "Ba ni na rubuta ba. Jiri ya ɗebi Hafiza a filin wasa, muka kai ta asibiti. Madam Laila ta auna ta, ta ce tansiyonta, wato jininta, ya hau fiye da na yarinya 'yar shekara sha shida. Ta ce nauyin ne ya yi yawa, amma in aka rage shi sannu a hankali..."

"Mas'uda, tambaye shi, shi ke ciyar da ita?"

"Inna..."

"Mai ƙirga lomar ɗiyata ba ya zama surukina. A faɗa wa Kawunki Ango kada a kawo goron nan."

Jibril ya ajiye takardar a kan tabarma, ya ɗora mata dutse, ya yi sallama. A bakin zaure ya juyo ya dube ni. Na kawar da kai. Ni dama ba mai yawan magana ba ce, kuma na san abin da bai sani ba.

Shekarar da shanunmu suka mutu a wajen Azagor ina da shekara goma. Hafiza na da biyu, tagwaininta Safi ma haka. Tamowa, ciwon yunwa, ta kama su tare. Muka shigo Dakoro a kan amalanke, Inna na goye da ɗaya, ni da ɗaya. A asibiti suka naɗa musu wani ɗan zirin roba a damtse, mai launi uku: ja, da ruwan ɗorawa, da tsanwa. Duka biyun a ja suka tsaya. Safi ba ta kai kwana huɗu ba. Hafiza ta rayu.

Tun daga ranar, kowace safiya Inna sai ta kama damtsen Hafiza ta zagaye shi da babban yatsa da manuni. Ranar da yatsun suka kasa haɗuwa ta yi sadakar waina. Bayan rasuwar Baba abin ya ƙaru. Fura sau uku da sukari har cokali ya tsaya, man shanu a kan komai, fanke a jakar lakwal, lemun kwalba in an dawo. Ba a aiken Hafiza, ba ta daka, ko lakwal a kabu-kabu take zuwa. Inna ba ta iya cewa "ina sonki" ba. Sai dai ta ce, "Ƙara loma."

Kwana biyu ban kira Jibril ba, shi ma ya ƙyale ni. Rana ta uku da hantsi waya ta yi ƙara.

"Sanyin idona, kin yi fushi?"

"Ban yi ba."

"To ki faɗa mini laifina."

Na ba shi labarin Safi.

"Da na sani da ban shiga da takarda a hannu ba," ya ce. "Amma Mas'uda... ba zan janye maganar ba. Ko da goron zai bushe a gidanmu."

"Ko da ni za ka rasa?"

"Ba na so in rasa ki. Amma ni na ɗaga ta daga ƙasa ranar nan. Na ji yadda take numfashi."

Na kashe wayar ina jin haushinsa, ina kuma ƙara sonsa.

Akuyarmu ce ta tona asiri. A rana ta shida na fita shanya, sai na ga bakinta na ƙyalli. Na leƙa bayan rumbu, na tarar da tuwon gero da miyar kuka da man shanu a cikin tsohon kwano. Ga gutsuren fanke a gefe.

Na sami Hafiza a ɗakinmu kwance, leɓɓanta sun bushe.

"Tun yaushe?"

Ta juya wa bango fuska. "Tun ranar da Mushe ya zo."

"Me kike ci?"

"Ruwan zafi da lemun tsami. Wata 'yar ajinmu ta ce sati biyu ya isa." Sai muryarta ta karye. "Yaya, saboda ni aka fasa aurenki. In na rame da sauri, magana ta ƙare, a kawo goro. Kuma na gaji... 'Buhun gero' suke ce mini. Ko layin gudu aka yi, dariya suke fara yi kafin in ɗaga ƙafa."

Ta yunƙura za ta tashi, ƙafafunta suka ƙi. Na tare ta, muka zube tare. Ƙarar ce ta kawo Inna. Da ta ji abin da ya faru, ta zauna a ƙasa ta kama damtsen Hafiza.

"Kin gani? Kin ga aikin mushenki? Yunwar da na kora shekara sha huɗu, shi ya buɗe mata ƙofa."

Na ɗauki waya na kira Jibril, na buɗe murya yadda kowa zai ji, na ajiye ta a tsakiyar tabarma. Na faɗa masa komai.

"Kwana shida?" Ban taɓa jin muryarsa haka ba. "Innalillahi! Mas'uda, a ba ta abinci yanzu. Kunu mai ɗumi tukuna, kaɗan-kaɗan, anjima tuwo. Gobe a kai ta wajen Madam Laila. Hafiza na ji na?"

"Ina ji, Mushe."

"Wa ya ce ki bar ci? Jikinki girma yake yi, yana bukatar abinci sau uku a rana. Yunwa ba ta rage ƙiba, lafiya take ragewa. In na ƙara jin kin ba akuya tuwonki, ita zan sa a layin gudu, ke ki zauna."

Hafiza ta yi dariya cikin hawaye. Inna ta zuba wa wayar ido.

"Mas'uda," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa, "tambaye shi... cewa ya yi ta ci?"

"Ta ci, Inna," ya amsa. "Ta ƙoshi ma. Abin da ke cikin kwanon ne za a gyara, ba kwanon za a ɗauke ba."

Inna ta tashi ta shiga ɗakinta. Muka ji ta buɗe akwati. Ta dawo da wani ƙullin tsumma, ta kwance shi. Zirin roban nan ne, launinsa ya koɗe. Ban san ta ajiye shi ba.

"Sun koya mini ja mutuwa ce," ta ce. "Suka ce in yi ta ba ta har ta kai tsanwa. Ba wanda ya faɗa mini abin da ke bayan tsanwa."

Hafiza ta miƙa hannu. Inna ta gwada naɗa zirin, bai ko zagaye rabin damtsen ba.

"Inna, na wuce tsanwa tun da daɗewa," Hafiza ta ce. "Ba zan bi Safi ba. Ki bar ni in yi gudu."

A gidanmu ba a taɓa ambaton sunan ba. Inna ta jawo kan Hafiza ta ɗora a ƙirjinta, ta yi kukan da ba ta yi ba a shekarar can. Na kashe wayar, na tafi na dama kunu.

Washegari da kanta ta raka mu asibiti. Ta zauna gaban Madam Laila tana tambaya kamar mai sayen saniya. Furar fa? Sau ɗaya, da nono, sukari kaɗan. Man shanu? Cokali guda, ba ludayi ba. Tuwo? Malmala ɗaya, sauran kwanon a cika shi da zogale ko rama, a haɗa da wake ko ƙwai. Lemun kwalba sai ranar suna. Ruwa kuwa ta sha ta ƙara. Kuma ba gaggawa, in ta rage kilo ɗaya a wata ma an gode Allah.

"Kilo ɗaya?" Inna ta taɓe baki. "Wannan ai ko ba na lura."

"Shi ake so, Hajiya."

Maganar motsa jiki ce ta ba ta dariya. Jibril ya aiko cewa ba sai an sayi takalmin gudu ba: ta je lakwal da ƙafa, ta yi daka, ta yi gaɗa da ƙawayenta da marece.

"Gaɗa ce maganin?" in ji Inna. "To ai ni ce likitan. A Azagor ba wadda ta kai ni tsalle."

Ba duka kwanakin suka yi daɗi ba. Akwai ranar da na kama Inna tana ɓoye fanke a jakar lakwal, ta ce hannunta ne ya saba. Akwai ranar da Hafiza ta dawo tana kuka, ta ce ba za ta ƙara tafiya da ƙafa ba, sai Inna ta ɗauki mayafi ta raka ta har bakin ƙofar lakwal. Daga nan kowace safiya su biyu ke zuwa ɗauko nono wajen Mata, Bafillatanar da ke bayan gari, maimakon a kawo mana.

Maganar goro kuwa ba wanda ya tayar. Ni ban tambaya ba, Jibril bai matsa ba.

Bayan wata uku Madam Laila ta ce tansiyon ya sauka. Kilo huɗu kawai suka tafi, amma Hafiza na daka gero tana waƙa. Da marecen ranar Inna ta kama damtsenta kamar kullum, ta latsa, ta sake latsawa.

"Mi ne wannan mai tauri?"

"Aikin taɓarya ne, Inna," in ji Hafiza.

Inna ta sake ta. Ta shiga madafa, ta daɗe. Ta fito da babbar ƙwarya, fura ce da nono mai kauri, sukari har ya kwanta a ƙasa, irin wadda Hafiza ta daina sha. Ta rufe ta da faifai, ta ɗora goro biyu a kai, ta miƙo mini.

"Aika wa mushenki. Ranar nan na leƙa shi ta labule, damtsensa kamar karan dawa. A ce ya shanye duka." Ta juya za ta koma ɗaki, sai ta tsaya. "Kuma a faɗa wa Kawunki Ango, Juma'a ina gida."