Farin Zanin da Goggo Vika Ta Nema

Washegarin bikin Filimone da Kalolaine, mu matan gida muna zaune a tsakar gida muna firar doya, sai ga Goggo Vika ta shigo tana dogara sanda. Yayar mahaifin ango ce, kuma a nan tsibiran Ha'apai maganar 'yar'uwar uba ta fi ta uban nauyi. Ko zama ba ta yi ba ta ce a miƙo mata farin zanin gadon amarya, za ta kai wa uwar yarinya tare da gasasshen alade kamar yadda aka saba, jama'a su shaida ta kai mutuncinta ɗakin miji.

Yayyen amarya maza biyu da suka kawo kifi suka miƙe sumsum suka fice, don a wurinmu namiji ba ya zama inda ake irin wannan zance a kan 'yar'uwarsa. Haka aka bar Kalolaine ba mai tsaya mata. Goggo kuwa da biyu ta zo. Yarinyar ta yi shekara biyu tana tsinkar lemo a Ostireliya, kuma tun dawowarta masu baƙin baki suke jera mata samarin da ba su taɓa gani ba.

Kalolaine ta shige ɗaki tana kuka. Ta ce wa mijinta in an ba da zanin ta zama kayan kasuwa da ake juyawa a duba, in an hana kuma sunanta ya ɓaci a tsibirin nan. Ya tambaye ta wanne ta zaɓa, ta share hawaye ta ce a hana.

Filimone ya fito ya durƙusa.

"Goggo, shekara biyar na yi ina aikin jirgin ruwa, ba tashar da ban sauka ba. Wa ya nemi nawa zanin?"

"Kai namiji ne, marar kunyar banza!"

"Ita kuma matata ce. Abin da ke tsakaninmu ba na shanya ba ne."

Goggo ta rantse ba za ta ƙara taka gidan ba. Shi kuwa ya saɓa aladen a kafaɗa, ya ratsa gari da tsakar rana, ya kai wa surukarsa ya yi godiya. Na gan shi da idona, kuma ranar na ji alfahari da yaron nan.

Kalolaine ta sha wuya. A coci mata suna matsawa in ta zauna, abincin da take aika wa Goggo kuma ana dawo da shi ko buɗewa ba a yi ba. Ba ta taɓa ramawa ba.

Bayan wata bakwai Goggo ta zame a bakin tankin ruwa ta karye a ƙugu. Masu zuga ta duk suka ɗauke ƙafa. Kalolaine, da cikinta, ita ke mata wanka tana kwashe mata kashi da fitsari, kuma duk bugun cikin da mata suka yi mata don su ji asirin tsohuwar, ko kalma ba su samu ba.

Wata rana tana shafa mata man kwakwa, tsohuwar ta riƙe hannunta.

"Ina da shekara goma sha takwas aka ratsa garin nan da nawa zanin, ana guɗa. Yabona ake yi, amma har yau in na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ban taɓa faɗa wa kowa ba sai ke, 'yata."

Da aka haifi 'ya mace, Goggo ce mai haƙƙin raɗa suna. Aka ɗauko ta a kujera, ta ɗaga murya har na ƙofar gida suka ji, ta ce sunan jaririya Kalolaine.

'Yan mata, ku riƙe wannan: haƙuri da rufa asirin mutum sun fi zani shaida. Abin da ke jikin wancan zanin kuwa har yau ban sani ba, kuma ba wanda ya ƙara tambaya.