Gurasar da Illa Bai Ɗauka Ba

A layin ɗibar ruwa na unguwar Zango Illa ya fara ganin Barira, cikin bazarar 1958. Tulunta ya tsage, ya ara mata garwarsa, ta yi godiya ba ta ɗago kai ba.

Kafinta ne shi, maraya da ya tashi a hannun fada, limamin cocin Katolika. Ita kuwa 'yar Malam Tanimu ce, mai wa'azi a majami'ar Furotesta. Kiristocin Damagaram 'yan kaɗan ne, amma sun rabu gida biyu.

Da soyayya ta yi nisa, ta gayyace shi sujada. Ranar Jibin Ubangiji ce. Aka miƙo masa farantin gurasa, ya miƙa wa na gaba, bai ɗauka ba. Malam Tanimu na kallo.

"Ya raina teburinmu," ya ce wa 'yarsa a gida. "Ga Alkasum malamin makarantar lakwal, namu ne, yana sonki."

Washegari takardar Illa ta iso mata:

"Tauraruwata, ba raini ba ne. An koya mini cewa in fada ya tsarkake gurasa, jikin Almasihu ce da gaske. Ku kuma kun ce tunawa ce da mutuwarsa. Na ji tsoron in ci da zuciya biyu."

Ta mayar masa:

"Kafintana, da hawaye nake cin tawa, kada ka ɗauki tunawa abin wasa. Alkasum kuwa na sallame shi."

Shekara biyu ana abu ɗaya. Fada ya ce zai ɗaura auren, amma ba Misa, sujadarsu ta cin gurasa, tunda amarya ba za ta karɓi gurasar ba. Malam Tanimu ya daina amsa gaisuwar Illa. Barira ta rame. Takardarta ta ƙarshe layi ɗaya ce: "Na gaji, Illa."

Da hantsi Illa ya je ya durƙusa a zauren Malam Tanimu.

"In na miƙo maka farantin yau, za ka ci?" Malam ya tambaya.

"A'a, Baba."

"Ko don Barira?"

"Ko don ita. In na yi wa Ubangiji ƙarya a teburinsa, ita ma wata rana zan yi mata."

Tsohon ya daɗe yana murza goshi.

"Ni ma ba zan ci taku ba," ya ce a hankali. "Tashi ka zauna kan tabarma."

Bayan girbin gero, a shekarar da aka sami 'yancin kai, aka ɗaura auren ba Misa. Malam Tanimu ya tsaya a bakin ƙofar cocin har aka gama. Da suka fito ya ɗora hannuwansa a kawunansu.

"Mu mun kasa haɗa teburi," ya ce. "Ku dai kada ku raba akushi. Allah ya yi muku albarka."

Barira ta ce amin, ta jingina da kafaɗar mijinta.