Mutumin da Ba Ya Tashi Cin Jibi

"Yau ma bai tashi ba!" in ji Anti Constance, tana tuƙa tuwon shinkafa kamar da tukunyar take faɗa. "Lahadi goma sha ɗaya ina ƙirgawa, Olive. Kowa a coci ya bi layi ya karɓi Jibin Ubangiji, shi kuwa Jerome ɗinki ya dasa gwiwa a benci!"

Olive Katung, nas ce, a hannun wannan ƙanwar mahaifiyar tata take zaune a garin Silver Spring, can ƙasar waje. Anti Constance kuwa idonta a coci ya fi zama kan mutane fiye da kan Fada, limamin cocin.

"Anti, wataƙila bai shirya ba ne..."

"Bai shirya ba! Mace ya baro a Jos, ni na faɗa miki. Mai aure a ɓoye ne kaɗai ke gudun bagadi haka."

Olive ta yi dariyar yaƙe, amma maganar ta zauna mata a ƙirji. Sau uku ta ce su je a rubuta sanarwar aurensu, sau uku Jerome ya ce "a ɗan jira". Ga wasiƙun Nijeriya da yake saurin turawa aljihu. Tana son sa har ranta, shi ya sa zargin ke ci mata zuciya.

Da ya zo cin abinci, ta tare shi a gaban Anti.

"Jerome, wacece ita? Sunanta kawai nake so!"

Ya ajiye cokali, ya ciro wasiƙa mai hatimin Bishop.

"Anti, Olive, ba mace ba ce. Hani ne a kaina. Interdik ake ce masa. Yadda kotu kan hana mutum taka wani wuri, haka coci ta hana ni Jibi da ɗaurin aure, sai wanda ya sa hanin ya ɗage. Ba a kore ni ba, an dai tsayar da ni a bakin ƙofa."

"Me ka aikata?" in ji Anti, ta gyara zama.

"Ina makarantar horar da Fada a shekarar tamanin da huɗu Babana ya kwanta ciwon ajali. Damina ce, rafi ya cika, Fada ya kasa ƙetarowa. Baba ido ya tafi, yana ta kuka a kira masa Fada ya furta zunubansa. Sai na sa farar rigata, na sauya murya... Na saurare shi, na ce an gafarta masa. Ni kuwa ba a naɗa ni Fada ba. Da kaina na je na faɗa wa Bishop."

Hawaye suka zubo wa Olive. Anti dai ba ta saki ba.

"To, me tsohon ya faɗa? Kafin mu ba da 'yarmu, sai mun san abin da ke cikin gidanku. In ba ka faɗa ba, babu aure!"

"Anti, na saci ji. Ba zan ƙara da tonawa ba, ko da zan rasa Olive."

"Kin ji ko? Akwai abin da yake rufewa!"

Olive ta share ido. "Na ji, Anti. Zan jira shi."

Wata tara ta jira. Anti ta kawo mata wani injiniya daga garin Clinton, Olive ta ce a gaishe shi. Matan zumuntar coci suka yi ta raɗa, ta toshe kunne. Wata rana takan farka da shakka, ta yi kukanta, ta tafi asibiti.

Wata ranar Lahadi, aka fara layin Jibi. Olive ta ji benci ya motsa. Jerome ne ya miƙe, sabuwar wasiƙar Bishop ta ɗage hanin ta leƙo daga aljihunsa! Anti Constance, wadda ba ta taɓa barin kowa ya shiga gabanta ba, ta ja da baya ta ba shi wuri.

A bakin coci ta kamo hannunsa, murya ƙasa-ƙasa. "Ɗana, har yanzu ba za ka faɗa mini ba?"

"Har abada, Anti."

"To, ɗauki 'yata."

'Yan'uwa, shirun mutum ba kullum laifi yake rufewa ba, wani amana yake riƙe da ita. Zargi ya kusa raba Olive da miji nagari, haƙuri ya ba ta wanda asirinta ba zai taɓa fita daga bakinsa ba.