Rabin Kwalbar Sharifa

A Wurno mutane sun daina kiran Sharifa da sunanta. "Ɗiyar nan mai kiwon ɓeraye," haka mata ke cewa a wurin niƙa. An ce a jami'a ruwan zogale take ɗura wa mazan ɓeraye, ta duba ko ƙarfin haihuwarsu ya ƙaru. Wannan kam gaskiya ne.

Ƙaryar ita ce wadda Juwairiyya ta ɗora. 'Yar kawun Halliru saurayin Sharifa ce, ita ma shi take so. Ta bi gida-gida tana cewa don Halliru ake haɗa maganin, tunda ya taɓa aure har aka rabu babu ko ɓari.

Sai Inna Kaltume, mahaifiyarsa, ta aika wa Sharifa saƙo: ko ɓeraye, ko auren ɗanta.

Da hantsi Sharifa ta shiga shagon Halliru. Wutar ɗakin gwajinsu ta lalace, shi ya sa ta ba shi ajiyar kwalbar ruwan zogalen a firjinsa mai aiki da hasken rana. Ta tarar da Inna zaune. Ta durƙusa ta gaishe ta, sannan ta buɗe firjin.

Kwalbar saura rabi.

"Halliru... wa yat taɓa kwalbar ga?"



"Kin gani ko?" in ji Inna. "Kayan ɓeraye inda mutane ka shan ruwa!"

"Inna, ba zubewa ta yi ba. Sha anka yi."

Halliru ya sunkuyar da kai. Nan take Sharifa ta gane.

"Kai? Kai da kanka, masoyi?"

"Tsoro nika ji, Sharifa..." Muryarsa ta yi ƙasa. "In maganar Juwairiyya gaskiya ta hwa?"

"To mi? In gaskiya ta, asibiti za mu, ni da kai, da rana tsaka! Ba ka laɓe ka sha rabon ɓera ba, abin da ko gama gwada shi ba a yi ba! Na san da aurenka na fari kafin in ce ina son ka. Na taɓa tambayarka?"

"Ke yarinya, rufe mana baki!" Inna ta miƙe. "Na riga na ba ki zaɓi."

Sharifa ta share hawayenta da bakin mayafi.

"Inna, ki gafarce ni, amma ba ni barin aikin ga. Mata nawa anka saka a garin ga don ba su haihu ba? Wa anka taɓa kai wa mijin asibiti? Mero, matarsa ta fari da kunka sa ya saka, yanzu goyo take a Tursa."

Inna ta koma ta zauna a hankali.

Sharifa ta rungume kwalbarta ta fice.

"Inna," Halliru ya ce, "ita nika so. Da ɓerayenta."

Ya bi ta ko takalmi bai sa ba. A layin masu albasa ya cim mata, idon kowa na kansu.

"Sharifa!"

Ta tsaya, ba ta juyo ba.

"Na ɓata miki aiki, na bari anka ci mutuncinki ina shiru. Asibitin za ni, kowa shi ji." Ya ɗaga murya. "Ni na yi laifi. Ki yi haƙuri, ki yafe mini."