Bugun Zuciyar da Ba na Adda Ba

Wani a cikin danginmu ne ya fara cewa ba sai an riƙa zuwa duba tsohuwarmu ba. Ba zan kama suna ba, ya san kansa, yana can ofis cikin sanyin esi. Shi ya kawo na'urar, ya ce wahalar hanya ta ƙare. Sauranmu muka yi na'am, don maganar ta yi mana daɗi.

Na'urar 'yar mitsitsiya ce kamar marfin kwalba. A damtse ake manna ta, ta auna bugun zuciya da zafin jiki, ta tura wa wata ƙaramar waya da ke kusa da ita, wayar ta turo mana. In cajinta ya ƙare a ɓamɓare, a goge, a manna 'yar'uwarta. Ni na haɗa komai, don gyaran waya nake a kasuwar Wuse, kuma ba uban da ya koya mini. Adda Rakiya muka manna wa, yayar babanmu, wadda ta goya mu bayan rasuwar innarmu. Tana zaune a ruga can bayan Dei-Dei. Na jona wayar da 'yar sola a ɗakinta, na karkaɗe riga na dawo gari.

Daga nan gaisuwa ta koma kallon koren layin bugun zuciyarta a waya. Kullum da safe wani zai ɗora hotonsa a guruf ɗin gida, ya rubuta Adda lafiya lau, a bi shi da hamdala. Ƙanwata Sumayyah har cewa ta yi zuciyar tsohuwar ta fi tata ƙwari.

Batir ne ya hana ni sukuni. Abin da ake canzawa duk mako, ga wata ya kama ya shuɗe, yana nan cike fal. Na san batir. Ba ya haka.

Bayan la'asar na rufe shago, na jefa ɗayar na'urar a aljihu. Cunkoson manyan motocin Dei-Dei ya cinye mini rana, ga warin kashin shanu, ga hayaƙin gas. Ɗan acaba ya kai ni bakin wata sabuwar katanga ya taka birki, ya ce nan ya tsaya, ai mutanen rugar sun tashi da shanunsu tun da aka zagaye filin. Na balbale shi da masifa, na ce ƙarya yake. Ya dube ni ya ce, "Oga, kai ba ɗan gidan ba ne?"

Na bi gefen katangar da ƙafa.

Kiran magariba na can baya, nesa. Turaku babu shanu. Bukkoki sun rufta. Ko kare babu. Sai wani wari mai danshi, irin na ƙasan rijiya.

Na duba waya. Layin kore ne, yana tafiya a hankali. A ranar na fara kallon lambar da ke ƙasansa, ta zafin jiki, wadda ba wanda ya taɓa damuwa da ita. Sanyin ruwan randa take nunawa.

Na yi sallama a ƙofar ɗakinta.

"Badaru ne?" Muryar kamar daga cikin tulu.

Na ɗaga asabari. Tana kwance a tabarma, ta rame har na kusa kasa gane ta. Kusa da kanta ga ƙwarya cike da ruwa. Na durƙusa na kama damtsenta. Zafi zau, kamar garwashi.

Babu komai a damtsen. Sai shatin zagaye.

A ɗaya hannuna wayar na ci gaba da bugawa.

Na tambaye ta ina abin. Ta ce ranar wata Juma'a ta ɓamɓare don ta yi wanka, tunda dole ruwa ya taɓa ko'ina. Ta ajiye a kan dutsen makewayi, ta juyo babu shi. Kunya ta hana ta aiko mana cewa ta ɓatar da kayan tsada. Daga baya zazzaɓi ya kwantar da ita, maƙwabta kuma sun riga sun tafi.

Na fara ɗaga murya, halina ke nan. Ta damƙe mini yatsa.

"Yi a hankali. Ba ya son hayaniya."

A kusurwar ɗakin wani ɗan koren haske ya ƙifta.

Ba a ƙasa ba. Can sama, daf da kwanon rufi.

Ya ƙifta, wayata ta buga. Ya ƙifta, ta buga.

Damtsen wa ke kaiwa can?

Hasken ya fara saukowa. Na ji numfashi, dogo, mai sanyi, a ƙeyata. Ƙwaryar ta ja kanta a ƙasa, ƙiiii, har ta taɓa hannun Adda.

Ni da ake tsoron bakina a Wuse, na nemi Ayatul Kursiyyu a bakin na rasa. Na sungumi Adda na goya, na fizgi jakar kayanta. Na kai hannu ga asabari. Ya ƙi ɗaguwa. Kamar an gina shi da siminti.

Layin wayar ya haukace, yana gudu.

Adda ta juya kai daga bayana, ta yi magana da duhun kamar mai rarrashin yaro.

"Bar mu mu wuce. Ɗana ne. Ya zo."

Asabarin ya saki.

Ban san yadda na kai titi ba. Na dai san akwai taku a bayana, kowane ɗaya daidai da uku nawa, har ƙarshen katangar.

A asibiti likita ta ce mai irin wannan zazzaɓin da ba ta iya tashi, ƙishirwa ce ke fara kashe ta. Ta tambaya ko wane ne ke ba Adda ruwa, don ta yaba masa. Muna tsaye mu duka, ni da 'yan'uwana, da manyan riguna da makullan mota. Kowa ya sunkuyar da kai.

Yanzu Adda na wurina a Durumi. Ƙaramar wayar ta biyo mu a jakarta, kuma na faɗa muku ba ta karanta na'urar sai suna kusa. Da rana layin a mace yake. Ana kiran magariba sai ya koma kore. Adda takan tanƙwashe ƙafa ta matsa gefen tabarma, ta bar wuri.

'Yan'uwana sun samu sabon dalili. Sun ce gidana ba ya shiguwa da yamma.

Ni kuwa tsoron ya ragu, kunyar ce ta ƙi tafiya. Abin da ba mu san sunansa ba ya fi mu zumunci. Kai da kake taɓe baki kana cewa ban da kai, akwai wata tsohuwa da ka daɗe kana gani a waya kawai, kana cewa lafiyarta lau. In ka isa, ce ƙarya nake.