Kafin Kwamfutar Ta Dawo

Tun da kwamfutar ta sabunta kanta ta daina ganin wayalas. Mai gyara ya sauke direba, manhajar da ke haɗa ta da na'urar kamo sabis, ya ɗora wani, shiru. Hoton ƙirjin 'yarsa na ciki, sai da intanet zai tura shi, likita kuma ya ce in bai gani ba kafin asuba, ba zai yi mata aiki ba. Dare ya raba, shagunan layin duk a rufe.

"Ya Allah, ko sau ɗaya," ya ce.

"Tsohon direban za ka mayar, ɗana."

Wani dattijo ne zaune a bencinsa, kafaɗa da kafaɗa. Bai ji sallama ba, bai ji taku ba, sai ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Amma ina lokacin tambaya? Ya mayar.

"Baba, har yanzu fa."

"Kashe ta, ka kunna."

Ya kashe. Gilashin ya yi baƙi ƙirin, ya zama madubi. Ga fuskarsa sharkaf da gumi, ga ƙofa a rufe da sakatarta ta ciki. Gefensa babu kowa.

Numfashi mai sanyi ya sauka a kunnensa.

"Kunna mana, ɗana."