Sawu a Kan Toka

Tun kafin zakara ya yi cara na biyu Inna Hajaratu ta fito da fitila, ta tsuguna a bayan rumbu kamar mai neman allura. Jiya da dare, bayan kowa ya shige ɗaki, ta kwashi tokar murhu ta barbaɗa a bakin ƙofar baya, wadda ke fita gona. Ga shi kuwa ta samu abin da take nema: sawu biyu, ɗaya ƙarami na mace, ɗaya babba na namiji, duka ba takalmi.

"Na faɗa!" ta ce da ƙarfi. "Wallahi na faɗa!"

Dama can ba da son ranta aka yi auren nan ba. Ɗanta Sha'ibu malamin firamare ne, cikin samarin da gwamnati ta ɗiba lokacin da kuɗin fetur ya sa aka buɗe makaranta a kowane ƙauye. Da aka tura shi Ketare ya ga Barakatu, ɗiyar Malam Barau, ya dawo Ruwan Godiya ko abinci ba ya iya ci. Yarinyar ba ta da aibu, sai dai kakanta Bamaguje ne, kuma wannan kaɗai ya ishi Inna. Ta yarda da baki, sannan ta ɗora wa amarya dakan gidan mutum goma sha huɗu, tun duhun asuba. Ga injin niƙa ya zo gari, amma Inna ta ce tuwon inji warin mai yake yi. Barakatu ba ta taɓa cewa uffan ba.

Sau uku cikin wata guda Inna tana jin ƙarar ƙofar baya da dare. Rannan ma ta leƙa ta ga surukar tata ta wuce, ta kira ta har sau biyu, ko waiwayowa ba ta yi ba. Ɗan nata kuwa ta san shi da nauyin barci, kuma tunda ya zama malami ba ya taka ƙasa sai da takalmi sau-ciki. To sawun wa?

Hantsi bai yi ba ta tara gida. Baba Gide, ƙanen marigayi mijinta kuma mai gidan yanzu, ya zauna a kan buzu. Barakatu ta durƙusa kanta a ƙasa, Sha'ibu yana tsaye a jikin garu.

"Ina kike zuwa da dare?" in ji Baba Gide.

"Ni, Baba? Ban zuwa ko'ina."

"Ƙarya kike!" Inna ta katse ta. "Da idona na gan ki, na kira ki kika yi mani kunnen ƙashi. Wane ne mai jiranki bayan rumbu?"

Hawaye suka ɓalle wa Barakatu. "Inna, in na kwanta ban sanin inda kaina yake sai kin buga mani ƙofa. A kawo Alƙur'ani in dafa."

"A kawo!"

Baba Gide ya sa aka ɗauko, aka buɗe gafaka. Barakatu ta yi alwala ta dawo da zuciya ɗaya. Tana miƙa hannu sai Sha'ibu ya yi tsalle ya riƙe ta.

"Kar ki rantse! Baraka, don Allah kar ki rantse!"

Barakatu ta ɗago ta dube shi, kuma kallon nan ya fi masa mari zafi.

"Malam, har da kai?"

"Sawun namijin nawa ne," ya ce. "Baba, tana fita, amma ba ta san tana fita ba. Barci take yi. In ta kwanta da kamar awa guda sai ta miƙe, ido buɗe, ta nufi ƙofa. Ni ke bin ta ba takalmi don kar a ji, in juyo da ita a hankali, in goge mata ƙafa kafin gari ya waye. Ko ita ban faɗa mawa ba."

"Don mi ka ɓoye?" in ji Baba Gide.

Kafin Sha'ibu ya buɗe baki, Inna ta riga ta ja da baya tana tafa hannu tana salati.

"Jiki shina tafiya, mai shi ba ta nan? Ido buɗe? Yau na ga ta kaina! Ai gara a ce kwarto ne. Na ce maku a binciki asali, kuka ce na cika surutu."

Abin da Sha'ibu yake gudu ke nan. Kafin la'asar maganar ta kai bakin rijiya, kuma kalmar da ba a faɗa da ƙarfi ta fara yawo a raɗe: mayya. Mata suka riƙa janye 'ya'yansu in Barakatu ta gifta. Wata da ɗanta ya yi zazzaɓi ta tuna cewa amaryar ta taɓa shafa masa kai. Inna ta ce wa ɗanta ya zaɓa, ko takardar saki ko albarkarta.

Barakatu ta ɗaure kayanta a zane. Tsoron kanta ma take ji.

"Ka sallame ni, Malam. In da gaske wani abu ne a jikina, ban son in cuci kowa."

"Sori, Baraka, laifina ne da na yi shiru. Amma ba inda za ki. Hedimasta ya ce akwai likitan ƙwaƙwalwa a Zariya. Ki ba ni sati guda."

Inna ta ce ƙafarta ƙafarsu, don ba za a je a haɗa baki da ɗan boko a zo a yi mata daɗin baki ba. Haka suka shiga mota zuwa Funtua, daga nan Zariya, uwar miji ta takure a jikin taga don kar zanenta ya taɓa na surukarta.

Likitan dattijo ne mai furfura a gemu, wannan ya ɗan rage wa Inna ƙarfin gardama. Ya saurare su, ya ce a kwana. Da yamma nas ta manna wa Barakatu wayoyi a kai, an jona su da wata na'ura mai allurai da ke zane a kan doguwar takarda. Likita ya sa ta yi hira da mijinta, ya yago takardar ya ba Inna.

"Hajiya, riƙe wannan. Haka ƙwaƙwalwarta take zane in tana farke. Kin ga ƙanana ne, a matse."

Inna ta kafa kujera a gaban gado, ta ƙi ko gyangyaɗi. Barakatu ta yi barci, allurai suka koma jan manyan layuka masu hawa da sauka a hankali. Can sai ga yarinya ta tashi zaune, ido buɗe, tana laluben ƙasa da ƙafa. Inna ta zabura.

"Ga shi nan! Ta tashi!"

"Dubi takarda, Hajiya, ki gwada da ta hannunki."

Inna ba ta san boko ba, amma zane ai ido ke ganinsa. Manyan layukan nan suna nan, sai ɗan ƙananan da suka cakuɗa da su.

"Barci take, mai nauyi ma kuwa," in ji likita, yayin da Sha'ibu yake kwantar da ita. "Ƙwaƙwalwa ba gaba ɗaya take kwanciya ba, kamar gida ne mai ɗakuna. Ɗakin da ke motsa ƙafa ya farka, wanda ke sanin mutane da tuna abu yana barci. Shi ya sa kika kira ba ta amsa ba, shi ya sa da safe ba ta tuna komai. Yara da yawa suna yi su daina. Babba kuwa, gajiya da ƙarancin barci da damuwa ke taso masa da shi. Ƙarfe nawa take kwanciya?"

Sha'ibu ya dubi ƙasa. Inna ce ta amsa, a hankali. "Sai ta gama wanke-wanke. Dare ya raba."

"Wa ke tashinta?"

"Ni."

"Yaushe?"

"Kafin kiran farko."

"Wata nawa?"

Inna ta dubi hannun yarinyar da ke kwance a kan bargo, duk kanta ta fito saboda taɓarya, sai ta ji kunya ta rufe ta har wuya. Likita ya ce dai a bar ta ta yi barci isasshe, a sa sakata sama a ƙofa, in ta tashi a juyo da ita ba tsawa.

Da suka koma Ruwan Godiya aka fara kai hatsi inji, kuma ba wanda ya mutu don warin mai. Fitar dare ta ragu, ta zo ta zama sai jefi-jefi. Amma magana ta riga ta fita, kuma ita ba a sa mata sakata. Mata suka ci gaba da kauce wa Barakatu a hanyar rijiya.

Ranar sunan jikan Baba Gide, gida ya cika da mata. Barakatu tana can bakin murhu ita kaɗai, ba mai matsowa kusa. Inna ta karɓi jinjirin daga hannun uwarsa, ta ratsa taron, ta ɗora shi a cinyar surukarta.

"Ku dube ni da kyau," ta ce. "Ni na fara faɗin maganar nan, kuma ƙarya na yi. Ni na hana ɗiyar mutane barci wata bakwai, sannan na ce ita ce mai cuta. Wadda ke da sauran magana ta zo ta same ni."

Inna ta juya ga Barakatu.

"Ɗiyata, ki yafe mani."

"Na yafe, Inna, tun a Zariya."

Jinjirin ya yi barcinsa a cinyarta har la'asar, kuma uwarsa ba ta zo karɓa ba.

Zargi ba ya jiran hujja, kuma wanda ya fi kowa tabbacin laifin wani, sau da yawa shi ne bai tsaya ya dubi nasa hannun ba. Sha'ibu ma ya gane cewa ɓoye lalurar masoyi ba gata ba ne. Barakatu kuwa haƙurinta bai faɗi ƙasa banza ba. Allah ya tsare mu da zato a kan bayinsa.